Adakar Inna da Ɗakin Goro

Inna ba ta bar mana gida ba, ba ta bar gona ba. Da aka zo rabon kayanta a Djougou, Yaya, wadda nake bi, ta ɗauki tukwane da gadon ƙarfe, ni kuwa na ce a ba ni adakar. Wata shuɗiyar adakar ƙarfe ce, fentinta duk ya ɓare a gefe, cike da zannuwa da kallabai da mayafan fita unguwa. Dangi suka ɗauka zannuwan nake kwaɗayi, alhali ba wasu na a zo a gani ba ne. Abin da nake so daban ne. In ka ɗaga murfin, ƙamshin turaren wutar Inna ne yake tarbarka, kamar yanzu ta tashi daga wurin.

Turaren nan ita kaɗai ta san haɗinsa. Kajiji da farce kowa ya san su, amma akwai wani ɓawon itace da take saya wurin wata Bafulatana a kasuwar Partago. Ba ta taɓa gaya mana sunansa ba, mu ma ba mu tambaya ba, don a ganinmu Inna tana nan kullum. Ragowar da ta bari a kwalba, gwaggonninmu suka ƙone shi tas a kwanakin makoki, wai don masu zuwa gaisuwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Daga baya na je Partago da ƙafata neman Bafulatanar, aka ce sun tashi da shanunsu tuni. Ƙamshin Inna bai rage ko'ina a duniya ba sai cikin adakar nan.

Ina da cikin 'yata ta fari lokacin rasuwar. Sai na ƙudura a raina cewa zan tsare ƙamshin har yarinyar ta yi wayon da za ta riƙe abu a kanta, in zaunar da ita in buɗe mata, in ce ga kakarki. Ba hoton Inna ko ɗaya, ba ta yarda da masu ɗaukar hoto ba. Wannan ne kawai abin da zan iya nuna wa jikarta.

A shekarun nan ƙasar tana amsa sunan Dahome, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kowa yana ɗokin sabon abu. Maigidana ɗan goro ne, jikan fataken goro, kamar yadda nawa kakannin suke. Ya bar Djougou ya dawo da mu Parakou saboda nan jirgin ƙasa yake tsayawa, nan manyan motoci suke lodi zuwa arewa. Ya gina mana ɗaki biyu a Ganou, a wani fili mai ɗan gangare. Bangon ƙasa ne, amma ya sa aka shafe shi da siminti ciki da waje, aka zuba daɓen siminti, aka rufa kwano. Duk baƙon da ya zo sai maigida ya buga bangon da tafin hannu ya nuna masa.

Ɗaki ɗaya namu ne. Ɗayan na goro.

Wanda bai zauna da goro ba ba zai gane ba. Goro ba ya son rana, ba ya son iska, sanyi da laima yake so. Ana jera shi cikin huhu, a lulluɓe da ganye, a ɗaure da buhu, sannan a riƙa yayyafa wa buhun ruwa kada ya bushe ya yanƙwane. Maigida ya toshe tagar ɗakin da tsumma da kwali. Safe da yamma yana ciki da butarsa, yana yayyafi yana shafa huhunan, yana tsince mai sankara. Bangon da ya raba ɗakinmu da nasa kuwa bai kai rufi ba. Duk abin da goro ya shaƙa, mu ma shi muke shaƙa.

Da rani, ruwan butar ne yake bin daɓe ya ratso ta ƙarƙashin bango. Da damina, ƙasa ce take turo nata daga ƙasa, simintin kuma ya hana bangon numfashi, sai ya riƙa gumi. A gidan da Inna ta zauna a Djougou, ɗakin ƙasa ne zalla, in ya sha ruwa rana biyu ta ishe shi bushewa. Wannan kuwa bai taɓa bushewa ba tun da aka gina shi. Rima ta hau bango har gwiwa, ta yi baƙi-baƙi. Tabarma ta yi nauyi. Gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa, takalmin fita ya yi fumfuna kore shar. Warin kuwa ba irin wanda zai kore ka nan take ba ne. Wani bashi ne mai naci, yana bin gashi da filo da bakin ƙoƙon sha. In na je suna ko biki, sai in ga mace ta ɗan kau da hanci, in san ɗakina na taho da shi.

Kowace mace a unguwar ta san maganin wannan, kuma guda biyu ne: a fitar da kaya rana, a turara ɗaki. To, duka biyun ni an rufe mini ƙofarsu. In na shanya kayan Inna, iska za ta tafi da abin da nake tsaro. In na ƙona turaren kasuwa, hayaƙinsa zai shiga adakar ya gauraya da nata, in rasa wanne ne wanne. Maƙwabtana suna ta kawo mini turare a ƙunshi, cikin tausayi, suna zaton rowa ko ƙazanta ce ta hana ni. Ina karɓa ina godiya, ina kai wa wasu.

Sai na bi ta wasu hanyoyin. Na ɗora adakar kan tubala. Na cika tsofaffin kwanoni da gawayi na tura ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, don an ce yana shan laima. Yana sha kuwa, amma me gawayin kwano zai yi wa ɗakin da ake shayarwa safe da yamma? Na zuba toka a gindin bango, ta zama taɓo. Na shafa farar ƙasa, ta yi kyau kwana kaɗan, sannan ta kumbura ta riƙa zubowa kan shimfiɗa. Na riƙa shigo da garwashi zalla a kasko, ba turare, in zauna ina fifita har idona ya yi ja. Ɗakin ya yi ɗumi, warin ya lafa, ina murna, sai in ji ƙarar buta a ɗaya ɗakin.

Wata rana na kasa daurewa, na tsaya a bakin ƙofar goron.

"Malam, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya tun jiya. Goron ga ƙishirwar mi yake ji?"

Bai ɗago ba. "Ke ɗiyar 'yan goro ce, ke san ba a wasa da shi. Kamiyo, motar lodin nan, na tahiya jibi. In ya isa Malanville a bushe, wa za ya saye?"

"To a buɗe tagar mana, ko na rabin yini."

"Iska ta shiga magaza, wurin ajiyar goro? Haba."

"Kayan Inna za su lalace."

"Bon, to, ki shanya su. Kowa shanyawa yake."

Na yi masa bayani ba sau ɗaya ba. Yana saurara, yana gyaɗa kai, har ya ce Allah ya jiƙanta, amma na san bai shiga kansa ba. Hancinsa ya riga ya mutu a kan warin ɗakin, shi a wurinsa ƙamshin arziki ne. Na ce a yi wa goron rumfa a tsakar gida. Ya ce in damina ta wuce. Damina ta wuce, ya ce ai yanzu rani ne, rumfa zafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ni da bakin zaginsa. Goron nan shi ne tuwonmu, shi ne zanen jikina. Mutumin bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da mugu ne da na samu inda zan sauke fushina, amma sai na riƙa sauke shi kan tabarma, ina dukanta da sanda a tsakar gida har maƙwabta su leƙo.

Adakar kuwa na daina buɗe ta. Da farko nakan ɗaga murfin kaɗan in kewar Inna ta dame ni, in shaƙa in rufe da sauri. Da na lura kowace buɗewa tana rage ƙarfinsa, kuma iskar ɗakin tana shiga, sai na naɗe bakin murfin da tsumma, na lulluɓe ta da buhu, na ce sai ranar da yarinyar ta isa. Tana ta girma, ta fara magana, ta fara tambayar sunan komai. Ina cewa saura kaɗan.

A wata damina mai nauyi Yaya ta zo daga Djougou duba mu. Tana sa ƙafa a ɗakin ta ja da baya.

"Ke, a rijiya kuke kwana?"

Yaya ba ta iya ɓoye magana ba tun muna yara. Ta zagaya ɗakin tana taɓa bango tana tsaki, har ta iso kan buhun. Ta yaye shi, ta sunkuya, ta sa yatsa a ƙasan adakar. Yatsan ya fito da jar tsatsa.

"Yaushe rabonki da buɗe ta?"

Na gaya mata, na gaya mata dalili. Ta goge yatsan a zanenta.

"Inna da kanta, in rana ta hito, hidda su take ta shanya."

"Inna tana da turaren da za ta sake turara su, Yaya. Ni da mi zan turara?"

Na gaji da masu ba ni shawarar da ba su yi tunaninta ba. Amma Yaya ta kama hannun adakar ɗaya ta ce in kama ɗayan. Muka fito da ita tsakar gida, rana ta ɗan leƙo bayan ruwan safe.

Kusurwa ɗaya ta ƙasan ta huje. Zannuwan da suke ƙasa sun manne da juna, sun yi baƙi, ina ɗagawa suna yagewa a hannuna. Na tsakiya sun yi furfurar fumfuna a kowane ninki. Na sama ne kawai suka tsira da ɗigo-ɗigo. Na ɗauki mayafin da Inna take zuwa Idi da shi na danna a fuskata. Ɗakina na ji. Warin da nake gudu, shi na kulle a ciki yana ta ƙiba.

Yaya ta share idonta da bakin zane ta ce, "A wanke abin da za ya wanku. In an bar su haka, ko zaren ba za ki samu ba."

Na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na juye a babban baho, na tsoma mayafin da 'yan zannuwan da suka rage, ban sa sabulu ba tukuna. Tururin ya taso da bashin nan da na sani. Ina matsawa ina juyawa, sai wani abu ya biyo bayansa daga can cikin zaren, siriri da farko, sannan ya cika bahon. Kajiji, da farce, da ɓawon itacen nan marar suna. Yaya ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. 

Na ƙwala wa 'yata kira. Tana wasa a ƙofar gida, sai da na sake kira ta shigo tana jan ƙafa. Na kama kafaɗarta na sunkuyar da ita kan bahon.

"Shaƙa. Shaƙa da kyau. Wanga ƙamshin kakarki ne, Innata."

Ta shaƙa, don yarinya ce mai jin magana. Ta yamutsa hanci.

"Warin ɗakinmu ne," ta ce. Ta zame daga hannuna ta koma wasanta.

Na zauna gaban bahon har ruwan ya huce, ƙamshin yana raguwa ina ji, ba yadda zan yi in riƙe shi. Maigida ya fito daga ɗakin goro da butarsa, ya ga tulin ruɓaɓɓun zannuwa, ya ga fuskata. Ya ajiye butar a ƙasa a hankali, ya fita. Daga ƙarshe Yaya ce ta miƙo mini sabulu. Na wanke, na ɗauraye, na zubar da ruwan a kwata da hannuna.

Kafin mako ya zagayo, ba tare da na sake cewa uffan ba, maigida ya kawo magina. Suka yi wa goron ɗan ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa a ƙarƙashin mangwaro, can ƙarshen gida. Aka cire tsumman tagar, aka kankare simintin gindin bangonmu don ya sha iska. Aikin da na yi shekaru ina roƙo, bai ɗauke su wasu kwanaki ba. Goron ma ya fi jin daɗin sabon wurin, maigida da bakinsa ya faɗa, kuma da ya yi shiru da ya fi mini.

Ɗakin ya bushe kafin kaka. Gishiri ya tsaya a kwano, ashana tana kamawa. Maƙwabciyata ta sake kawo mini ƙunshin turarenta, wannan karon na zuba shi a kasko na turara ɗakin lungu-lungu, don babu sauran abin da zai ɓata.

Mayafin yana wurin 'yata yanzu, ita ma ta yi jikoki. Tana ji da shi, tana nuna wa mutane tana cewa na kakarta ne. In na je gidanta takan ɗauko mini shi, ni kuma har yau sai na kai shi hancina kafin in tuna. Sabulu kawai nake ji.