Ruwan Sanyi da Yatsun Gidanmu

Ruwa ne ya lanƙwasa min yatsu, ko a jini na gado? Na tambayi manya, na tambayi likita, har yau ba wanda ya ba ni amsar da hankalina zai kwanta a kanta. Ku yi haƙuri in maganar ta riƙa tsinkewa. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, hawaye kuma ba sa jira.

Duk sanda iska ta kwaso warin babbakar ganda daga kwata, sai in ga kakata. A gidanmu na Agege tsakar gida kullum a jiƙe take, domin wankin kayan ciki ne sana'ar matan gidan. Kaka kan zauna da baho a gabanta tana kankare tumbi. Gaɓoɓin yatsunta na kusa da farce duk sun yi ƙulli kamar citta. Da damina, in aka kwana ana ruwa, ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa, sai ni. Wata rana na tsoma hannu a bahon, ta make ni.

"Cire, ja'ira! Ta ƙarƙashin farce sanyi ke shiga. So kike ki zama ni?"

Duk unguwa haka aka yarda.

Da aka kai ni ɗaki, kaka ta ja wa maigidana kunne a kan haka. Mahauci ne, ya kuwa riƙe maganar. Shi ke wanke tumbi da hanji a bakin famfon kwata kafin ya kawo min in dafa in sayar. Abokan aikinsa ba su bar shi ya sarara ba. "Oga, yau ma uwargida ta ba ka aiki? Zani kawai ya rage mu saya maka!" Sai ya yi dariya ya ci gaba. Ko ruwan alwalata shi ke ɗumawa.

Duk da haka, da na manyanta ƙullin ya fito, daidai inda na kaka yake. Yanzu carbi ma zame min yake.

Bayan rasuwarsa 'yata ta kai ni asibiti. Aka ɗauki hoton hannun, aka ɗebi jini da fitsari. Likitar ta ce guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi ne ke cinyewa, suna duba ko ɓurɓushinsa na nunawa a jinin. Guringuntsi na san shi, fari sumul a ƙafar saniya. Da na koma na ce wa likitar, "To 'yar nan, me jinin ya ce? Ruwa ne ko gado?"

"Mama, alamun sun ɗan hau, amma ba a gama gane abin da suke faɗa a kan hannu ba tukuna." Wai ciwon yana bin dangi, musamman mata. Wai yawan aiki ma yana da nasa. Na shiga motar danfo cike da takaici. Sun karɓi jini, amsa babu.

Ga abin da ke ci na. 'Yata ce ke wankin kayan ciki yanzu, da shi take ciyar da ni da 'ya'yanta, kuma manuniyarta ta fara kumbura. In na hana ta, me za mu ci? In na ƙyale ta, ruwan ne zai cinye ta? In kuma gado ne, shekarun da bawan Allahn nan ya yi yana shan ba'a a bakin famfo fa? Wannan ce ba ta haɗiyuwa.

Don haka kullum da safe nake ɗora tukunya in ɗuma mata ruwan wankin. Tana mitar ina ƙarar da gas, wai likita ba ta ce a yi ba. Ni dai sai in ci gaba da ɗumawa. Ba ta ɗakin ranar da babanta ya cika. Ana ruwa, ya kwana biyu ko zama ba ya iyawa. Na ɗauki buta zan yi alwalar azahar, sai ya buɗe ido ya dube ni.

"Ajiye butar nan, ruwan da sanyi. Bari in tashi in ɗuma miki."