Sojojin da na juye a gwangwanin biskit

Shekarun baya, farkon zuwanmu Greensboro a Amurka, na samu aikin kula da wani tsohon Bature a Pleasant Garden, wani ƙaramin gari nan kusa. Tsohon soja ne, a keken guragu yake. Ba shi da aiki sai haɗa 'yan ƙananan jiragen ruwan yaƙi da gam da fenti, irin masu ƙofa a gaba da ke sauke soja a bakin teku. Wanda ya fi ji da shi yana kan tebur a ɗakin baya, maƙare da 'yan sojojin roba, kowanne da irin fuskarsa. Ƙofar jirgin kullum a rufe.

A ɗakin nan nake salla. Kwana uku ina kabbara idanun sojojin nan suna kaina. Ran na huɗu na ce ina, ba zan yi azahar gaban gumaka ba. Ni da tambaya kuwa ba ma shiri. Na ɓalle ƙofar jirgin, na juye su cikin gwangwanin biskit, na yi sallata.

Ina sallamewa na ji kekensa a bayana.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zuba wa jirgin ido, ya ce, "Wa ya ce a buɗe?"

Sai ya fara kiran sunaye. Kowane suna sai ya dakata, ya karkata kunne, ya gyaɗa kai kamar an amsa masa. Rana tsaka ce, amma tsigar jikina ta tashi.

Na ce, "Baba, ga su nan fa, roba ce. Bari in mayar."

Ya ce, "Wancan karon, a yaƙi, ni na buɗe musu. Wanda ya fita ba ya komowa. Tafi da su."

Da na koma gida da gwangwanin, a bakin ƙofa mahaifiyata ta tare ni, na faɗa mata abin da ya faru. "Ke dai hannunki ya fi kanki sauri. Ba dai cikin gidana ba!" Haka suka zauna a but ɗin motata, duk kwanar da na sha ina jin motsinsu.

Bai ƙara taɓa gam ba. Kullum a gaban jirgin nake samunsa, abinci na sanyi kusa da shi. Kafin wata biyu 'yarsa ta kai shi gidan tsofaffi, aikina ya ƙare.

Har yau ba ni da haƙuri, kowa ya shaida. Amma abin da wani ya rufe, hannuna ba ya zuwa wurin. Bawan Allah nan ya yi shekara da shekaru yana tsare mutanensa, ni na fitar da su saboda raka'a huɗun da zan iya yi a kicin.