Sitiroberi Huɗu a Ƙullin Tsumma

Shekaranjiya jikata ta shigo mini da 'yar roba cike da sitiroberi, wai a cunkoson motoci ta saya tana dawowa daga makaranta. Ina ɗaga murfin na ga na can ƙasa ya fara furfura, irin gashin nan mai launin toka da yake fitowa idan abu ya soma ruɓa. Warin ya daki hancina, zaƙi-zaƙi, tsami-tsami, da ɗan warin danshi. Yarinya tana ta mita wai mai tallan ya cuce ta, ni kuwa ba na ma jin ta. Na riga na koma bayan ɗakin kakata, a ƙauyenmu na wajen Makoda, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Idan ba ka riski shekarun nan ba, to ka gode wa Allah. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa, gero yana bushewa a tsaye. Da ruwa ya dawo aka ce an tsira, sai darɓa ta sauka a gyaɗa, ƙananan ƙwarin nan masu lafewa a bayan ganye suna tsotsa. Gyaɗa ta ƙanƙance, ganye ya murɗe ya yi rawaya, ka tona gindi ba ko ƙwaya ɗaya. Gonakinmu kuwa dama 'yan ƙanana ne, wannan manne da wannan, babu wani daji da mutum zai faɗa ya nemo abin kaiwa baki. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa, har sau biyu ana ƙara wa guga igiya. Maza suka fara ficewa ɗaya bayan ɗaya. Babana ya nufi Jos, ya sami aikin lebura a lambun wani mai hali.

Shekara guda cur ba mu sa shi a ido ba. Da damina ta janye ya zo mana kwana shida, da rabin buhun masara a ka, da wani jiƙaƙƙen tsumman buhu a hannu da ya hana kowa taɓawa. Da ya warware sai ga 'yan tsirrai guda tara, ganyensu uku-uku mai baki kamar zarto. Ya ce sunan abin sitiroberi, shi suke nomawa a can, daga cikin waɗanda ake cirewa a zubar ya tsinto. Wai 'ya'yansa ja wur, kuma ƙamshinsa kaɗai ya ishi mutum. Innata ta dubi tsirran, ta dubi rabin buhun, ta ja buhun ta shige da shi ɗaki. Ya tattara fasassun tukwane ya cika su da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ya dasa, ya jera su a jikin danga inda hantsi yake sauka. Ni ce babba a ɗakinmu, ƙannena kuwa ba abin da suka iya sai ɓarna, don haka ni ya kira. Ya nuna mini a zuba ruwa da safe, a gindi, kada ya taɓa ganye, kada kuma ƙasar ta yi caɓi. Sai da ya maimaita sau uku.

"Ki riƙe mini su da rai," ya ce. "Kafin su nuna zan dawo, in Allah ya yarda. Iya nake so ta fara sawa a baki."

Iya ita ce kakata, mahaifiyarsa, shi kuma ɗanta na fari. Ka san tsofaffinmu da kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "mutumin nan". Ranar da zai koma ko leƙowa ba ta yi ba, tana ɗaki tana kaɗi. In wani ya zo da labarin 'yan Jos ba ta tambaya, sai dai ta matso da tabarmarta kamar inuwa take bi. Amma tun daga ranar, kullum safe sai ta zo ta tsaya a kan tukwanen nan da sandarta, ta ƙirga su, ta ce wai ɓarnar kaji take dubawa. Waɗanne kaji? An sayar da su tun bara, saura kaza ɗaya gurguwa.

Ruwa shi ne matsalar. Tulu biyu kacal muke samu a rana, kuma Innata ta ce ba za a riƙa ɗiban ruwan randa ana shayar da ganyen da ba a miya da shi ba. Wallahi tana da gaskiya. Sai dabara ta faɗo mini, ni mai wayo. Na lura Iya tana alwala a lungun bayan ɗakinta sau biyar a rana, ruwan yana tafiya a banza. Na kwashe tukwanen daga rana na jera su a lungun, daidai inda take tsugunawa. Iya ta ji daɗi har ta sa mini albarka, ta ce ai ruwan alwala ba ya taɓa abu ya bar shi haka. Ta riƙa wanke fuska da hannu a kansu, in ta gama ta ƙara musu ɗan yayyafi daga buta. Kada ka ce na manta maganar Babana, ban manta ba. Na dai ɗauka wannan ruwan daban ne.

Sati biyu tsirran suka yi kore shar. Sai wata safiya na ga kiyashi suna hawa da sauka a jikinsu. Na juya ganye ɗaya na duba. Darɓa ce jingim, ganyen har yana danƙo. Na ruga na kira Baffa, ƙanen Babana, wanda ya zauna gida yana riƙe da gona. Mutumin da darɓa ta cinye wa gyaɗar shekara guda, yana ganin ta ya ja da baya yana salati. Ya ce a gona ba ta da magani, amma tukunya tara ai hannu ma ya isa. Ya sa na daka ganyen darbejiya na jiƙa ya kwana, na tace, na riƙa shafa wa bayan kowane ganye da gashin kaza, ina murje ƙwarin da yatsa. Gindin tukwanen kuma na zagaye da toka saboda kiyashi. Hannuna ya yi ɗaci, ko tuwo na ci sai na ji darbejiya. Cikin kwana goma darɓa ta ɓace, na riƙa yawo a gida ina hura hanci kamar malamin gona.

Ashe ba a ma fara ba. Ganyayen ƙasa suka soma fitar da ɗigo-ɗigo, jaja-jaja da fari a tsakiya. Ɗigon ya haɗe, ganye ya bushe daga baki. Na ƙara toka, na ƙara darbejiya, ina! Wannan ba ƙwaro ba ne da za ka kama ka murje. Tsiro ɗaya ya langaɓe alhali ƙasarsa jagab take da ruwa. Baffa ya ɗan ja shi sai ya taho a hannunsa, gindin ya yi baƙi yana wari. Ya dubi lungun, ba rana ba iska, ƙasa ba ta bushewa daga asuba har lisha. Ya rage murya ya ce mini ruwan nan da yake zuba a kan ganye shi yake ruɓar da su, shi yake fantsama cutar daga tukunya zuwa tukunya, amma shi kam ba daga bakinsa Iya za ta ji wannan ba. Sannan ya ɗaga murya ya ce duk wanda ya kamu a tuge a ƙone, in ba haka ba kafin sati babu ko ɗaya.

Iya ta jiyo daga ɗaki. Ta fito ta ce abin da mutumin nan ya dasa da hannunsa, yana can uwa duniya ba a san halin da yake ciki ba, ba wanda zai tuge shi balle ya sa masa wuta, muddin tana numfashi. A nan na gane ba ganye take ƙirgawa kullum safe ba. Baffa ya karkaɗe rigarsa ya fice, ya bar ni da abin da ya fi ƙarfina. Ta yaya 'yar yarinya za ta dubi tsohuwa ta ce ruwan alwalarki ne yake kashe su?

Kwana biyu ina juya abin a raina, tsirrai suna ƙara langaɓewa. Rana ta uku Iya ta tafi gaisuwar mutuwa a unguwar gabas. Na tsuguna na duba takwas ɗin da suka rage ɗaya bayan ɗaya, shida sun kamu. Na tuge su, na cusa a murhu. Innata tana kallo, ta kau da kai ta ƙara kara a wutar. Na kai ƙasarsu can bayan gida na zubar. Biyun da suka rage na tsinke musu duk ganyen da yake da ɗigo, na mayar da su jikin danga, na kewaye da ƙaya. A lungun kuma na ajiye kasko, don ya riƙa tare ruwan alwalar in kai wa gindinsu da safe.

Da Iya ta dawo ta ga tukwane a kife, ba ta dake ni ba. Da ma dukan ta yi, da na huta. Ta dube ni ta shige ɗaki, kwana takwas ba ta kira ni ba, ƙanena take aika. Na yi kuka har na gaji, kuma tsoro ya shige ni, ina cewa in wani abu ya sami Babana a can, to ni ce sila. Abu ɗaya dai na lura da shi. Kullum a cikin kaskon nan take alwala, ko ɗigo ba ta bari ya zuba a ƙasa.

Da sanyi ya kankama biyun suka murmure, suka yi fure fari. Na shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa don kada 'ya'yan su kwanta a ƙasa. Ƙadangaru suka cinye mini biyu tun ba su nuna ba, har na koma zaman gadi da tsakuwa a hannu, in zan tashi in kifa musu tsohon kwando. Huɗu suka kai ga nuna. Ja wur, kamar yadda ya faɗa, ga ƙamshi, kai! In ka tsuguna kusa sai yawunka ya tsinke. Babana kuwa shiru, ba shi ba saƙo.

Na tsinke su na kai wa Iya a tafin hannu, na tuna mata ya ce ita za ta fara ci. Ta shinshina, ta daɗe tana kallo, ta ce ba za ta sa a baki ba sai mai shi ya zo. Ta zuba a 'yar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗora can sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Mu mutanen rumbu ne, komai ajiyewa muka sani. Gero yana shekara, kuɓewa da tumatir a shanya su kai wata daminar. Wa ya gaya mana akwai abin da ba ya kwana uku? Rana ta huɗu aka ɗaga faifai, sai ga furfura ta rufe su. Innata ta ce a zubar. Iya ta goge su da bakin zane, ta shanya a rana kamar kauɗa, ta ƙulle a tsumma. Ba a jima ba zafin bazara ya shigo, tsirran biyu suka ƙone ƙurmus duk da ruwan da nake ba su.

Babana ya dawo ana gyaran gona, a rame, yana tari. Ashe lokacin da namu suka nuna, lokacin ne na can ma suke nuna, mai lambu ya ce duk wanda ya tafi kada ya dawo. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice daga ciki, sai ya zagaya jikin danga. Ya tarar da tukwane babu komai. Na tsaya a bayansa na faɗa masa duka, har da ƙonewar, ina jiran faɗa. Ya ce da shi ne ma haka zai yi. Sai Iya ta kira ni, ta miƙo ƙullin tsumman, ta ce in kai wa mutumin nan ajiyarsa.

Ya kwance ƙullin. Abu huɗu baƙi ƙirin, a ƙanƙance kamar kashin akuya.

"To, ku guda nawa kuka ci?" ya tambaye ni.

Na ce ko ɗaya, su ke nan duka, Iya ta ce sai ya zo.

Ya jujjuya ƙullin a hannunsa. Can ya ce, a hankali, duk zamansa a can yana tsinkar abin nan kwando-kwando, ana caje leburori a bakin ƙofa in an tashi, bai taɓa sa ɗaya a baki ba. Ya so ne ya ji yadda ɗanɗanonsa yake daga bakin Iya. Ya ɗauki ɗaya cikin baƙaƙen nan ya tauna, na ga yadda fuskarsa ta yamutse kafin ya gyara ta.

"Je ki ce wa Iya da daɗi," ya ce.

Ban ma kai ƙofar ba, ta riga ta ji. Ta fyace hanci, ta hau ni da faɗa wai na bar kaza tana shigar mata ɗaki.

Yanzu daga Iya har Babana duk sun koma ga Allah. Lungun alwalar an yi ɗakin bulo a kansa, rijiyar ma an rufe ta tunda aka haƙa burtsatse. Ni ina nan Ungogo, inda gonaki suke zama gidaje kullum, kuma abin da Babana ya riƙo a jiƙaƙƙen buhu kamar jariri, ga shi ana miƙa wa mutane ta tagar mota. Har yau in na ga yara suna watsa wa shuka ruwa a ka, sai na daka musu tsawa, su yi ta mamakin abin da ya yi zafi.

Na cire ruɓaɓɓen nan daga robar na yar, na wanke sauran. Jikata ta ce bari ta sa su a firij a ajiye wa babanta, jibi zai dawo daga tafiya. Na karɓe robar daga hannunta na ce ta zauna. Muka cinye su tas, da tsaminsu da komai. In ya dawo ma gaya masa yadda ɗanɗanon yake.