Atishawar Zakaran Kaka Zuhura

Kakata Zuhura tun tana amarya take kiwon kaji a garin Sarkin Hausa, duk jikokin kazar da uwarta ta ba ta ne. Bana ta sayo jan zakara a Mayahi. Yana atishawa na ce, "Tsohuwa, angon naki mura gare shi."

"Ja'iri, iskar moto ce."

Yadda ta saba, ta ɗaure ƙafarsa a bakin akurki don ya san gida, kasko ɗaya suke sha da sauran kaji. Kafin mako kaji na kakari, idanu a kumbure. Likitan dabbobi ya ce ai ware baƙo ake yi tukuna. Kaza biyu suka tsira. Kaka ta riƙe baki. Zakaran kuwa ya hau danga yana cara.