Ranar da na ci kowa a dara

A gidanmu na Madarumfa, dara ce ke haɗa mu idan na dawo hutu daga lakwal, makarantar boko, a Maradi. Hutun yakan faɗo cikin damina, saboda haka sai an taso daga gona, an yi la'asar, sannan Baba ya haƙa gurabe a rairayin da ke bayan rumbuna. Shi da wana suna yi da kara, ni kuwa da tsakuwar da ƙanena, autanmu, yake tsinto mini a bakin tabki. Shi ne mai riƙe mini su cikin wani tsohon gwangwani, yana zaune a jikina yana ba ni shawarar banza da babbar murya. Inna tana daga gefe tana gyaran wake tana yi wa duk wanda aka ci dariya. Dokar wurin ɗaya ce: wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ba ya motsawa sai an kayar da shi. Ni dai kullum mai tashi ne.

A hutun da nake faɗa, Gwaggo, yayar Baba da ke aure a Jibiya, ta zo. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ba a jima ba na gane auta ta zo ɗauka riƙo. Na tayar da hankalin gidan. Na ce duk ranar da aka ɗora shi a amalanke, a gaban jakin zan kwanta, kuma kowa ya san zan aikata.

Baba ya kira ni ya ce, "Kwantar da hankalinka. Ba inda za shi tahi kana garin nan."

Na yarda, don ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ranar wata kasuwa ba mu je gona ba. Da hantsi Baba ya ce a zo a yi dara. Na nemi auta, aka ce Gwaggo na yi masa wanka, amma ga gwangwanin. Na zauna da wana, na cinye shi. Baba ya zauna, mutumin da dattawan unguwa ke shakkar zama da shi, sai ga shi yana barin gurbi a buɗe ina jera uku ina ɗauke masa kara. Na ci Baba! Kaina ya kumbura, har ina ce masa tsufa ya zo. Wana ya sake zama, na sake korar shi. Na so in ruga in kira auta ya ga abin da idonsa, Baba ya ce, "A'a, mai ci ba shi tashi."

Sai Inna ta zo ta zauna a gabana, ita da ban taɓa ganin ta taɓa kara ba. Idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙin murhu ne. Tana ajiye kara duk inda hannunta ya faɗa, ba ta ko duban guraben. Ni kuwa wawa ina ta dariya ina cinye ta.

Da na shiga cikin gida, babu Gwaggo, babu ƙullin kayanta, babu auta. Sawun amalanke ne kawai a ƙofa. Na bi shi da gudu har bakin hanya, masu jiran mota suka ce tuni Gwaggo da auta sun hau ta Jibiya.

Na dawo na tarar da Baba yana nan zaune a bayan rumbuna. Na ce, "Kai ka ce ba za shi tahi ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ta yi kuka gabana, yayata ce. Mi zan ce mata?"

Da ma faɗa mini ya yi, ya sa aka riƙe ni ina ihu, da na fi yafewa da wuri. Abin da ya ci mini rai shi ne su uku sun zauna sun shirya, suka ba ni abin da na daɗe ina so, ina murna ana fita da ƙanena. Na sa ƙafa na shafe guraben.

Hutun da ya biyo Baba ya sake haƙa su, ya ajiye gwangwanin a wurin zamana. Na wuce da fartanyata. Har ya rasu ban sake zama dara da shi ba, kuma har yau idan wani ya bari na ci shi cikin sauƙi, sai na waiwaya in ga me ake fitarwa ta bayana.