Jawabin da Alhaji Mai Fenti Ya Ara

Shekara bakwai na yi ina wasan daɓe kafin a ba ni maganar da ta wuce layi ɗaya. Masinja nake fitowa. Aikina in shigo da sauri, in durƙusa, in ce, "Ranka ya daɗe, baƙin sun iso," sannan in fita. Na faɗi wannan magana a gaban sarkin wasa, na faɗe ta a gaban alƙalin wasa, har a wani wasan wayar da kai kan rigakafin ƙyanda na faɗe ta a gaban likita, alhali babu ko baƙo ɗaya a cikin labarin.

Ƙungiyarmu ba ta da ofis. Wani aji muke ara a wata firamare a Gyaɗi-Gyaɗi, bayan la'asar mu ture bencina gefe mu yi gwaji har a kira magariba. Shugabanmu tela ne, shi ke ɗinka kayan wasa, shi ke raba matsayi. Lokacin soja ne, dokarsa kuwa ɗaya ce: a taɓa kowa ban da mai kaki. Don haka wasanninmu ba su wuce tsaftar gida, illar caca da faɗan maƙwabta a kan kwata ba.

Da safe ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Tarauni. Mahaifina akawu ne da ya yi ritaya, kuma a wurinsa aikin da babu fansho a ƙarshensa zaman jira ne kawai. Sau ɗaya ya taɓa zuwa kallona. Da muka koma gida ya ce, "Ɗan gidan maƙwabcinmu an ɗauke shi a ma'aikata. Kai kuma kullum baƙi sun iso. Wai su wane ne baƙin nan da ba sa gama isowa?"

Sai aka shiga shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki. Gari ya cika da fastoci, har jikin tankin mai shayi. A daidai lokacin manyan 'yan wasanmu suka fara zarewa zuwa fim ɗin bidiyo, inda ake ganin fuskar mutum a kwalin kaset. Muka rage mu shida. Tela ya dube mu ya ce wa ke da sabon labari, sai na ɗaga hannu. Ban taɓa rubuta wasa ba, amma na gaji da durƙuso.

Mako uku na yi ina rubutu da biro, na sa takardar kabon a ƙasa don in sami kwafi biyu. Labarin wani ɗan takarar kansila ne mai bakin zuma, kuma na ba kaina matsayin. Ƙashin bayan wasan jawabin da yake yi ne a gaban jama'a. Har yanzu ina iya kawo shi da ka. A ciki yake cewa zai kawo ruwan famfo har mutane su zo suna roƙonsa ya kashe. Zai ba sauro wa'adin kwana bakwai ya tattara ya bar unguwa. Ya rufe da cewa, "In kuka ga na yi ƙiba bayan zaɓe, kada ku zarge ni. Kumburi ne na damuwarku."

Tela ya karanta, ya leƙa waje ta taga, ya dawo ya ce, "Ka tabbata sojojin sun tafi ɗin?"

Na ce, "Sun ce za su tafi."

Ya ce, "To a yi da rana, a kuma bar ƙofar makaranta a buɗe."

Muna bukatar zanen bango a bayan dandamali, sai tela ya tura ni wurin wani mai kantin fenti kusa da kasuwar Tarauni, wanda kowa ke kira Alhaji mai fenti. Mutum ne siriri, mai kunya, in yana magana da kai gwangwanayensa yake kallo. Ya ba mu ragowar fenti kala uku kyauta, ya ce a ajiye masa kujera a gaba.

Ranar Asabar muka yi wasan a filin makarantar. Tela ya ara mini babbar rigar wani mai ɗinki da bai zo karɓa ba, na cusa matashi a ciki a fitowa ta ƙarshe. Mutane suka yi dariya har wata tsohuwa ta nemi a ba ta ruwa. Muka sake yi ranar Lahadi, muka kuma yi a sati na gaba. A duk zaman nan Alhaji mai fenti na kujerar gaba, bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Leɓensa kawai ke motsi. Na ɗauka tasbihi yake yi.

Bayan wasa na uku ya same ni ina cire matashi. Ya ce, "Malam, ko akwai takardar wasan nan? Yara nake so su karanta a gida."

Ba a taɓa neman rubutuna ba. Kaina ya yi girma, na zaro kwafin kabon na miƙa masa da hannu biyu.

Bayan kamar kwana goma, na taso daga makaranta a kan acaɓa, sai muka tarar da taro ya tare hanya wajen Babban Giji. Ɗan acaɓa ya kashe mashin. Daga lasifika na ji wata murya tana rawa tana cewa, "Zan kawo muku ruwan famfo har ku zo kuna roƙona in kashe." Na sauka ban san na sauka ba. A bayan wata akori-kura, ga Alhaji mai fenti cikin sabuwar shadda, riƙe da takardata. Ashe takarar kansila ya fito, a wata mazaɓa da ba zan ambata ba.

Rabin mutanen wurin sun kalli wasanmu. Da ya ce zai ba sauro wa'adi, kafin ya ƙarasa suka amsa baki ɗaya, "Kwana bakwai." Alhaji ya ɗago kai, ya ga jama'a na dariya suna ɗaga hannu, sai muryarsa ta daina rawa. Ya ci gaba da karatu da ƙarfinsa, har ya iso inda na rubuta wa ɗan wasa umarni a cikin baka. Bai tsallake ba. Ya karanta a lasifika, "Ya share hawaye da hannun riga." Wani na hannun damansa da ke tsaye kusa ya ɗauka da shi ake, ya matso ya kama hannun rigarsa ya goge wa Alhaji ido.

Na koma gida a ƙasa. Na kai ƙara wurin tela, na ce an sace mini wasa. Ya ce, "Kai ka miƙa masa da hannu biyu, ina tsaye. Ka gode Allah ma, an fara yin wasanka ba tare da kai ba. Manyan marubuta ake yi wa haka."

Alhaji mai fenti ya ci zaɓe. Waɗanda suka san siyasa sun ce abokan takararsa biyu ne suka raba ƙuri'a, amma shi ya yi imani da takardar. Bayan an rantsar da su, wata Juma'a da yamma sai ga shi a zauren gidanmu da mutum biyu da kwandon lemo. Aka shimfiɗa darduma, aka gaisa, ya ce wa mahaifina, "Baba, roƙo na zo yi. Malam nake so a ba ni ya riƙa rubuta mini jawabi. Za a sa sunansa a ƙaramar hukuma."

Mahaifina ya gyara zama. Ya ce, "Da takardar ɗauka?"

"Da takarda, Baba."

"Da fansho?"

Alhaji ya ce wannan sai a hankali. Mahaifina ya ce ai komai a hankali yake farawa, ya juyo ya dube ni da wata fuska da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Dama tun yana ƙarami akwai shi da alƙalami." Ni kuwa ban taɓa jin ya faɗi haka ba sai ranar. Ban iya cewa a'a ba.

Aka ba ni tebur a wani lungun ofis, kusa da taga mai kallon masu sayar da rake. Na ɗaura niyyar yin aiki tsakani da Allah, in wanke laifin da na yi na miƙa masa takardar wasa. Jawabin farko na buɗe wata rijiya ne. Na rubuta shi da nutsuwa, babu alkawarin da ya fi ƙarfin kansila. Alhaji ya karanta, jama'a suka tafa kaɗan suka watse. A mota ya ce, "Malam, ba ka sa gishiri ba. Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba."

Na biyu ma haka. A na uku sai ya ajiye takardata a aljihu ya koma wa tsohon jawabi, ya sake ba sauro kwana bakwai, a wurin rabon allunan makarantar Islamiyya.

Amma maganar ƙiba ce ta zame masa ƙaya. Ofis ya karɓe shi, ga walima kusan kullum, kumatu suka fara fitowa. Duk inda ya bi sai a gaishe shi da ladabi a ce, "Honarabul, yaya kumburi?" Mata in sun kawo kukan famfonsu sai su dubi cikinsa su ce lallai damuwarsu ta yi yawa bana. Ya daina cin abinci a taro. Ya sa telansa ya ƙara wa rigunansa faɗi don kada a gane. Wata rana ya kira ni ya rufe ƙofa, ya ce in rubuta masa jawabin da zai janye wannan layi ɗaya.

A nan na ga ba zan iya ci gaba da ɓoyewa ba. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Jawabin nan gaba ɗayansa ba'a ce. Na rubuta shi ne don a yi wa masu irin wannan magana dariya."

Na zaci zai fusata. Sai ya dubi ƙasa kamar yadda yake yi a kanti, ya ce, "Na sani, Malam. Sau uku na kalla. Ni ban iya magana a gaban mutum biyar ba. Na ga kai ka faɗi wannan an saurare ka har ƙarshe, babu wanda ya tashi. Na ce ko dariya ce, in dai za su tsaya."

Tausayinsa ya kama ni, kuma a lokacin na gane abin da ke damuna tun da na zauna a teburin nan. Ba kishin gaskiya ba ne kawai. Ina kewar in tsaya da kaina in faɗi abin da na rubuta, in ji inda dariya za ta fashe da inda za a yi tsit. Wata huɗu ban je gwaji ba.

Na ce masa layin ba ya janyuwa, sai dai ya gyara famfo ko guda ɗaya ne, mutane su sami wani abin faɗa. Na kuma ce zan ajiye aikin. Ya roƙe ni, na ba shi haƙuri. Daga baya ya gyara famfo biyu da wata kwalbati, aka rage tambayarsa kumburi, ko da yake ba a daina ba. Ya kuma yi mana wani alheri da ban roƙa ba: ya sa aka riƙa ba mu aron wani zauren taro mai fanka da kujeru. A nan na yi wasana na biyu da na uku, a nan wani malamin jami'a ya gan mu ya gayyace mu wasa a gaban ɗalibansa, daga nan hanya ta fara buɗewa.

Mahaifina kuwa kwana tara bai amsa mini komai ba sai gaisuwa. A rana ta goma ya tarar da ni a tsakar gida ina kwafe sabon wasa da hannu, kwafi shida, ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kaina ya daɗe. Ya ce, "Wannan rubutun kamar kaza ta bi ta kan tawada, wa zai iya karantawa?" Ya shiga ɗaki ya jawo wata tsohuwar tafireta daga ƙarƙashin gado, ya hure ƙura, ya ce in kawo.

Shi ya buga mini wasanni biyar a jere. Bugunsa tsaf, babu kuskure ko ɗaya, sai dai yana gyara abin da bai gamshe shi ba, kuma ba ya faɗa. A wasa na uku akwai inda ɗa ke ɗaga wa ubansa murya ya fice daga gida. A wurin gwaji, ɗan wasan ya buɗe takarda ya karanta da iyakar fushinsa, "Baba, ka yi gaskiya, na tuba." Muka tsaya muna duban juna.

Da na koma gida na yi masa magana a hankali. Bai ɗago daga kan tafireta ba. Ya ce, "Na ga yaron ba shi da tarbiyya ne, na taimaka masa. In ba ka so, ka sa biro ka mayar da naka layin."

Na sa biro na mayar da layina. Amma a wasa na huɗu na bar masa gyara ɗaya, don nasa ya fi nawa kyau.