Jan Biron Baba

Yau na tsinci jan biron Baba, marigayi maigidana, a durowar shagonmu na buga takardu a Garki. Shatin haƙoransa na nan a murfin.

Na tuna ranar da wani darakta ya kawo aikin digirinsa. Baba ya ja layi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan maganar ba taka ba ce. Sa sunan mai ita, ko ka ɗauki abinka."

Yanzu sabon oga tsohon aikin wani yake miƙo min, in cire bango, in manna sunan kwastoma. In na ƙi, ga masu jiran kujerata. Na rufe durowar, na ɗauko gam.

Allah ya jiƙan Baba, ni kuma ya ba ni mafita.